Igiyar da Ke Tsakanina da Ƙanena

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma shugaban taro, jagoran ƙungiyarmu ta masu gudu don lafiyar jiki; mai girma shugaban wannan makaranta, wanda ya ara mana ɗakin taro yau, yake kuma haƙuri da mu muna tattaka masa fili kowace safiya; likitarmu, wadda ta san gwiwar kowannenmu fiye da yadda ta san fuskarsa; Kocinmu, mai usur da tsawa; iyayenmu maza da mata da ke sahun gaba; iyalanmu, masu wanke kayan gumi ba tare da an taɓa rataya musu lambar yabo ba; 'yan'uwana masu gudu, da masu tashi kamar iska da masu jan ƙafa irina; jama'a baki ɗaya, manya da ƙanana: ina gaishe ku gaisuwar girmamawa, ina yi muku barka da zuwa, ina kuma roƙon ku ara mini kunnuwanku da haƙurinku, domin duka biyun zan buƙata kafin in sauka daga nan.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya tara mu lafiya. Godiya ga shugabanni da suka ga dacewar a miƙa mini wannan abin magana, ko da yake har yanzu ban gane dalilinsu ba. Ranar da sakatare ya same ni a shago ya ce, "Kafinta, kai za ka yi wa jama'a jawabi a kan shiri da atisayen gudun famfalaki na bana," sai da na waiwaya in ga ko akwai wani kafintan a bayana. Domin duk wanda ya halarci gudun bara ya san lokacin da na iso. Na iso ana naɗe tutoci, masu raba ruwa sun kife teburansu, mai ɗaukar hoto ya riga ya zuge jakarsa, sai da aka roƙe shi ya sake fito da na'urar. To, irin wannan mutumin aka ce ya zo ya koya wa mutane shiri. Na amsa, domin ba a ƙin kiran manya. Na kuma tsara maganata kashi-kashi, yadda na ga masu ilimi suna yi. In kun ga na kawo na uku kafin na biyu, ku yi mini uzuri. Haka kaina yake a 'yan watannin nan.

Abu na farko, shirin da na fara yi ni kaɗai.

Bayan gudun bara na yi kwana da kwanaki ina saukowa matakala da baya-baya, ina dafa bango, mai ɗakina tana dariya har da share hawaye. Na ce mata ni da gudu har abada. Ko kare ne ya biyo ni, sai dai mu zauna mu sasanta. Wata bai ƙare ba na tsinci kaina ina tambayar ranar gudun bana. Burina bai da yawa, jama'a: in iso da sauran tutoci a tsaye.

Sai na shiga neman shawara, kuma a nan kaina ya fara juyawa. Koci ya ce, "In kana son sauri, ka rage sauri." Na ce, "Koci, maimaita." Ya maimaita, bai ƙara ko harafi ba. Wani ya ce in sayi takalmi mai kaurin ƙasa don gwiwa. Wani ya ce takalmi mai kaurin ƙasa shi ke kashe gwiwa. Wani ya ce in sha ruwa tun ban ji ƙishi ba. Wani ya ce yawan ruwa ne ya kwantar da abokinsa a tsakiyar titi. Wani ya ce in ci kafin in fita. Wani ya ce in fita da ciki wayam. Kowa da fuskar gaskiya, kowa da lambar yabo rataye a ɗaki. Na tattara abin da na iya tattarawa, na zana tsarin mako da fensir a jikin wani fallen katako, na jingine shi a bayan shago. Bayan ɗan lokaci na nemi katakon na rasa. Ashe na yi wa wata malama teburin karatu da shi. Yanzu haka akwai wani gida a garin nan da in aka leƙa ƙarƙashin tebur za a ga an rubuta, "Laraba, hawa tudu."

Abu na biyu, kuma shi ne ya rushe na farko: ƙanena.

Ga shi can kusa da taga, mai baƙin tabarau. Da yawanku kun san shi da Direba. Uwa ɗaya uba ɗaya muke. Ni ne babba. Shekara da shekaru yana jan babbar mota, ya kwana a wannan gari ya wayi gari a wancan, babu kwanar da bai sani ba, babu gangarar da ba ta san shi ba. Sai hawan jinin ido ya kama shi. Ganin gefe-gefe ne ya fara tafiya, har ya koma yana ganin hanya kamar ta cikin bututu, daga baya bututun ma ya rufe. Da hannunsa ya miƙa wa mai mota makulli. Ya shiga ɗaki, ya sami kujera a bayan ƙofa, ya ɗora rediyo a cinya, shi ke nan. Ba ya fita, ba ya hira, ba ya faɗa; kuma rashin faɗan nan ya fi komai tayar mana da hankali, domin mun san shi da baki. 'Ya'yansa suka koma tafiya da sanɗa a gidan ubansu.

Ni kuwa in na dawo daga gudun safe nakan biya in gaishe shi. Wata safiya na shiga ina haki, sai ya rage muryar rediyo ya ce, "Yaya, numfashinka kamar tsohon inji. Ina ka kai yau?"

Na ce na bi ta gidan mai, na zagayo ta bayan asibiti.

Ya ce, "Ai ka cuci kanka. Da ka bi ta bakin kasuwa, gangara ce zalla har gida."

Na miƙe zan tafi. Can sai ya ce, "Gobe ka biyo ka ɗauke ni."

Na ce, "Ina za mu?"

Ya ce, "Inda kake zuwa."

Jama'a, na fito daga ɗakin nan ban san ko murna zan yi ba ko tsoro zan ji. Na wuce wurin mahaifiyarmu na ce, "Inna, kin ji abin da ɗanki yake so. Ni da ko kaina ban gama iya kaiwa ba?" Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Kai ka goya shi yana ƙarami, yanzu kake tambayata ko za ka iya riƙe masa hannu?" Daga nan na wuce wurin Koci.

Abu na uku, igiya.

Koci ne ya koya mana. Ya ce wanda ba ya gani yakan yi gudu da ɗan jagora a gefensa, tsakaninsu 'yar gajeruwar igiya mai zobe a kowane baki, kowa ya zura yatsunsa. Na yanko maɗaurin wata tsohuwar jaka, mai gyaran takalmi ya ɗinke mana bakunan. Koci ya ce aikin jagora uku ne: ƙafarka ta daidaita da tasa, kafaɗarka kada ta wuce tasa, bakinka kuma kada ya rufu. Rami, ka faɗa. Tudu, ka faɗa. Kwana, ka faɗa tun kafin a iso ta, ka kuma faɗi ɓangaren.

To a nan gizo ke saƙa, domin akwai wata halitta da Allah ya yi ni da ita: ban iya bambance dama da hagu da sauri ba. Tun ina yaro haka nake. Sai na tsaya na tuna da wane hannu nake riƙe guduma, sannan in ba da amsa. A shago ba ya cutar da kowa. Iyaka dai na taɓa kafa wa wani bawan Allah ƙofa tana buɗewa ta wajen bango. Amma ku duba wannan haɗi: mutumin da bai san damarsa ba, shi zai ja direban babbar mota! Mukan taho, in ce, "Dama!" sai in ja shi hagu. Ya tsaya cak a tsakiyar hanya ya ce, "Yaya, wace damar? Taka, ko ta sauran mutane?" A nan na fara jin tsohon bakin nan nasa yana dawowa, na kuma ji daɗi, ko da yake ni ake yi wa.

Muna dariya, muna dariya, har ranar da dariya ta ƙare. Muna saukowa ta layin masu sayar da kayan gini, sai wani mai babur ya ɓullo daga lungu ba ko hon. Akwai fili a hagunmu, akwai buɗaɗɗiyar kwata a damanmu. Idona ya ga fili, hannuna ya ja wajen fili, bakina ya ce, "Dama!" Shi kuwa ya yarda da bakina fiye da hannuna. Igiyar ta fizge daga yatsuna. Na ji ƙarar faɗuwarsa kafin in gan shi.

An yi masa ɗinki a ƙwauri da saman gira. Matarsa ta iso asibitin mayafi a karkace, ta dubi mijinta, ta dube ni. Da ta yi ihu da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce, "Yaya, da ƙafafunsa na ba ka shi. Su kaɗai suka rage masa." Na rasa inda zan sa idona.

Da ta je karɓo magani, muka rage mu biyu a kan benci. Na ciro igiyar na ɗora masa a cinya, na ce, "Ka ga, mu haƙura. Ni ban dace da wannan aikin ba."

Ya shafa ta, ya gane ta, ya mayar mini a tafin hannu. Ya ce, "Yaya, daga yau ka bar wa masu ilimi dama da hagu. Ka ce 'wajena', ko ka ce 'wajenka'. Ko makaho ai ya san inda yayansa yake." Sannan ya ce, "In an cire zaren nan, ka biyo da wuri."

Tun daga ranar ban sake jefa shi ko'ina ba. Sai na ce to, matsala ta ƙare, shiri ya miƙe. Ashe ko farawa ba a yi ba.

Abu na huɗu... ko na biyar ne? Shugaba yana nuna mini yatsu huɗu. Na gode, ranka ya daɗe. Abu na huɗu, sauri.

Jama'a, ƙanena yana da ƙafa. Ba mu sani ba, shi ma bai sani ba, domin rabin rayuwarsa a zaune ya yi ta bayan sitiyari. Nauyin da ya tara a bayan ƙofa ya zube, ƙirjinsa ya buɗe, takunsa ya miƙe. Da farko igiyar a sake take tsakaninmu. Sannu a hankali ta fara miƙewa. Daga baya ta koma tana ɗaurewa tam, kuma ba ta baya ba, ta gaba. Masu shagunan bakin titi suka fara kiranmu, "Malamai, wai wa ke jan wa?" Shi yana hira, ni ina neman iska, shi yana tambayata ko mu ƙara zagaye ɗaya, ni ina tunanin wasiyya.

Wata rana muka fita dogon gudu tare da ƙungiya. Wajen ƙarshe, a kan hawa, na hango irin tudun nan da ake yi a titi don rage gudun motoci. Na gan shi sarai. Na buɗe baki in faɗa, babu abin da ya fito sai iska. Ya yi tuntuɓe, ya yi taga-taga, Allah ya tsare bai kai ƙasa ba. Amma Koci yana bayanmu a kan keke, kuma ya gani.

Da aka watse ya ja ni gefe. Ya ce, "Kafinta, zan faɗa maka magana, ba za ta yi maka daɗi ba. Jagoran da numfashinsa ya ƙare, makaho ne na biyu. Wannan tudu ɗaya ne. Ranar gudu kilomita arba'in ne da 'yan kai, cikin dubban ƙafafu, da robobin ruwa a zube a ƙasa. Ban da wannan, ƙanenka zai iya shiga sahun gaba cikin masu lalurar ido, in ya sami wanda ya fi shi sauri. Na yi magana da Dogo, ya amince."

Kun san Dogo, ma'aikacin kashe gobara, wanda yakan gama gudu ya je gida ya yi wanka ya dawo ya tafa mana. Na ce, "Koci, ai na ji ana kiran gudun nan yada-ƙanin-wani. Ban taɓa jin an ce yada-ƙaninka ba." Koci bai yi dariya ba. Ya ce, "A gwada dai."

Aka gwada a filin nan na bayanku. Na zare zoben daga yatsuna na zura a na Dogo, na koma bakin fili na tsaya riƙe da gorunan ruwa. Suka tashi. Jama'a, ban taɓa ganin ƙanena daga nesa yana gudu ba. Kullum a kafaɗata yake. Ranar na gan shi. Kansa a sama, ƙirjinsa a gaba, igiyar tana lilo a sake tsakaninsu kamar babu ita. Da suka zo wucewa ta gabana na ga haƙoransa duka a waje. Irin dariyar da yakan yi a da, in ya dawo daga doguwar tafiya ya danna hon a ƙofar gida. Ƙirjina ya cika da murna, ya cika da wani abu mai ɗaci, kuma duka biyun a lokaci guda. Har yau ban san sunan abin da na ji ba. In akwai malamin da ya sani a ɗakin nan, ya same ni bayan taro.

Sai na koma yawon neman shawara, tamkar ban ɗauki darasi daga na farko ba. Mai ɗakina ta ce, "Ka bar shi ya tafi da Dogo, kai ma ka huta." Da gari ya waye ta kawo mini shayi ta ce, "Amma fa in ka sake shi, zai ga kamar ka gaji da shi ne." Baki ɗaya ne ya faɗi duka biyun. Na je wurin Inna, ta ce, "Ni ban san gudu ba. Ku dai ku dawo mini ku biyu." Na je wurin matar ƙanena, ina da tabbacin Dogo za ta zaɓa, tunda ta ga aikina. Ta daɗe tana juya murfin tukunya a hannu, sannan ta ce, "Dogo ba zai kayar da shi ba, Yaya, na sani. Amma in ya faɗi a hannun Dogo, wa zan yi wa faɗa?" Na tambayi shi mai gayya, ya ce, "Yadda ka ce, Yaya." Na sake tambaya, ya ce, "Yadda ka ce." Wannan ladabin nasa ya fi kowace amsa wahalar da ni.

Da na rasa mafita sai na ce bari in zama Dogo. Na riƙa rufe shago da tsakar rana ina fita ni kaɗai, ina zabga gudu kamar an biyo ni, ban faɗa wa Koci ba, ban faɗa wa kowa ba. Mako bai cika biyu ba tsokar ƙafata ta riƙe, na koma gida da ɗingishi. Likitarmu ga ta nan, ta matsa wurin har sai da na kira sunan Inna, sannan ta ce, "Kafinta, shekarunka ba katako ba ne da za ka sa zarto ka rage. Za ka warke, za ka yi gudun, amma da saurin da Allah ya ba ka."

Ina cikin jinyar nan ƙanena ya sa aka kawo shi shago. Na ba shi kujera, na ba shi ƙafar wani tebur da takardar gugar katako, domin hannunsa ya fi nawa jin inda bai yi santsi ba. Muka kama aiki. Can na ajiye guduma na ce, "Don girman Allah, yau kada ka ce mini 'yadda ka ce'. Ka faɗa mini gaskiya. Ni ko Dogo?"

Ya ci gaba da gugar katako. Ya hure garin, ya shafa, sannan ya ce, "Yaya, ka san kai ba ka iya jagora ba?"

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "Ba ka sani ba. Dogo yakan ce rami, tudu, kwana, ya yi shiru. Shi ne daidai. Kai kuwa sai ka ce, 'Kai, an sake wa gidan mai fenti, kore suka yi, bai yi kyau ba.' Sai ka ce, 'Ga wata mata can da lema ja tana faɗa da mai kayan miya.' Sai ka ce, 'Bishiyar nan ta bakin asibiti ta yi fure, duk ya zube a kan motar wani.' Rabin numfashinka a surutu yake ƙarewa, shi ya sa ba ka da na hawa tudu."

Na ce, "To sai in daina."

Ya ce, "Kada ka soma. In ina tare da Dogo, gudu nake yi. In ina tare da kai, gani nake yi."

Na ji sanyi ya ratsa ni, na ce a raina, shi ke nan, ya zaɓe ni. Sai ya ajiye katakon a cinya, ya juyo da fuskarsa wajen muryata ya ce, "Amma Yaya, tun da idon nan ya tafi, komai a hankali ake yi mini. A hankali ake ba ni kofi, a hankali ake yi mini magana, a hankali ake buɗe mini ƙofa. Ina so ko sau ɗaya in san iyakar ƙafata." Ya ɗauki katakon ya ci gaba da guga. Ya ce, "Ka ce in faɗi gaskiya. To gaskiyar biyu ce, ban san yadda zan yi da su ba."

Ya ku jama'a, wannan shi ne shirin da aka ce in zo in bayyana muku. Na nemi amsa wurin Koci, ya ba ni ɗaya. Na nema wurin iyali, suka ba ni biyu. Na nema wurin mai abin, ya mayar mini da tambayata ta ƙara nauyi. In na riƙe igiyar, na riƙe ƙafarsa, wataƙila ma in sake jefa shi cikin haɗari. In na sake ta, na sake hannun da Inna ta ce in riƙe. Na auna ta nan, na auna ta can, ni da aikina awo ne, ban sami inda zan sa fensir in ja layi ba. Har na hau kan wannan dandamali ban faɗa wa kowa abin da na yanke ba, domin ina tsoron in na faɗa a gida, kafin safiya zan canja. Shi ya sa zan faɗa a gaban shaidu.

Dogo, taso, don Allah. Matso kusa.

Ga igiyar. Maɗaurin tsohuwar jaka ce, amma ɗinkin yana da ƙarfi. Zoben da ya fi baƙi shi ne nasa, kada ka juya. Ba ya son a ja shi. Ka faɗa masa kawai, zai bi. In ya yi shiru ya daɗe, ƙishi yake ji, ba zai faɗa ba. In kun zo inda jama'a suka taru suna tafi, ka ɗaga murya, domin hayaniya tana ɓatar masa da hanya. Kuma in numfashinka ya yi saura, na san zai yi, ka ɗan faɗa masa launin wani abu. Ko rigar wani ce.

Ban sani ba ko daidai na yi. Wallahi ban sani ba. Ga shi can ya sunkuyar da kai, ban san ko murna yake ba ko fushi. Sai mun koma gida zan ji. Amma Direba, ƙanena, ka saurare ni: rana ɗaya ce na ba da aronka. Washegari da safe, in ƙafafunmu sun yarda, ni zan biyo.

Ni kuma ga tsarina na bana, wanda a ƙarshe ya zama gajere har ba ya buƙatar katako. Zan warke. Zan yi atisaye a hankali, yadda Koci ya faɗa tun farko ban gane ba. Ranar gudu zan tsaya a sahun baya, wurin 'yan'uwana, in tafi da saurin da Allah ya ba ni, idona a buɗe. Zan duba kowane gini, kowace tuta, kowane yaro da aka ɗora a wuya yana ɗaga hannu, in tara su duka. In na iso, ko da yaushe ne, zan same shi zaune ya huta. Shi zai faɗa mini yadda gaba take, domin ban taɓa zuwa can ba. Ni kuma in faɗa masa yadda hanyar take.

Allah ya kai mu ranar lafiya, ya dawo da mu lafiya. Allah ya tsare gwiwoyinmu da zukatanmu, ya kare masu sauri daga tuntuɓe, ya ba masu jan ƙafa haƙuri. Allah ya saka wa shugabanninmu da Kocinmu da likitarmu da alheri, ya yi wa iyayenmu albarka, ya ƙara wa iyalanmu juriya da mu. Wanda yake zaune a bayan wata ƙofa a yau, ya rasa mai zuwa ya ɗauke shi, Allah ya aiko masa da mai ƙwanƙwasawa. Wanda kuma ya rasa gane inda zai nufa, kamar ni, Allah ya yi masa jagora da kansa. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.